Zaɓen Fulawa Don Yin Burodi A Gida

 Jawabin yau a kan fulawa ne, watau garin alkama wanda a ke yin burodi da shi, da kuma yadda uwargida za ta bambanta mai kyau da marar kyau tun kuɗinta ba su bar hannunta ba.

Dalilin wannan jawabi a fili ya ke. A da burodi abincin ma'aikata ne da mutanen birni, amma yanzu da wuya a sami ƙauyen da ba a ganinsa a teburin mai shayi, yara da yawa kuma da shi su ke karya kumallo kafin su tafi makaranta. A shekarar 2022 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, waɗanda su ke cikin manyan ƙasashen da ke sayar wa duniya alkama, sai kuɗin fulawa ya hau. A 2023 kuma aka janye tallafin man fetur, darajar naira ta faɗi, kuɗin ya ƙara hawa, har burodi ya yi tsada, girmansa kuwa ya ragu. Saboda haka mata da yawa suka koma yin nasu a gida, waɗansu don iyali, waɗansu don su sayar su sami na cefane. To, wadda ta kama wannan aiki ba ta daɗewa sai ta gane fulawa ita ce babban jarinta. In ta dace da mai kyau, aiki ya yi kyau. In ba ta dace ba, sukari da bota da yis da gawayi duk sun tafi a banza, wahalar da ta sha wajen murza kwaɓi kuma ba mai biyanta.

INDA FULAWA TA KE FITOWA

Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa a ke noma ta a fadamu da rani, a na yin alkaki da taliya da funkaso da alkubus da ita, gurasar Kano kuwa ba wanda bai san labarinta ba. Amma farar fulawa ta cikin buhu daga baya ta zo. Da farko daga ƙasashen waje a ke kawo ta a niƙe. A shekarar 1960 aka kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria, a 1962 kuma babban injinsa na Apapa, a Ikko, ya fara aiki, shi ne mai fulawar nan Golden Penny. Cikin shekarun 1970 aka kafa wani injin a Bompai ta Kano, watau Northern Nigeria Flour Mills. Daga baya waɗansu kamfanoni suka biyo, har sunaye kamar Honeywell da Dangote da Mama Gold da BUA suka zama sanannu a kasuwa.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mai saye ya sani game da waɗannan sunaye. Na farko, mafi yawan alkamar da injunan nan ke niƙawa, fiye da kashi 90 cikin 100, a jirgin ruwa ta ke zuwa, daga ƙasashe kamar Amurka da Kanada da Rasha. Shi ya sa duk sa'ad da kuɗin waje ya yi tsada, sai buhun fulawa ya bi shi, ko wane suna ne a jikinsa. An taɓa hana shigo da alkama a 1987 don a ƙarfafa noman ta gida, amma abin da aka noma bai ishi injuna ba, aka ɗage hanin a 1992. Na biyu, sunaye sun fi masu su yawa. A 2019 kamfanin Olam, mai fulawar Mama Gold, ya sayi Dangote Flour Mills, a 2022 kuma Flour Mills of Nigeria ya sayi mafi yawan hannun jarin Honeywell Flour Mills. Ashe ke nan buhu biyu masu suna dabam dabam su na iya zama 'yan gida ɗaya. Har wa yau kamfani guda ya kan yi fulawa iri biyu ko uku, wata ta burodi, wata ta kek da biskit, wata kuma ta kowane aiki. Saboda haka in mace ta ce ita fulawar kamfani kaza kaɗai ta ke saye, ba ta gama magana ba tukuna, sai ta faɗi wace iri ce daga cikin nasa.

ABIN DA KE SA BURODI YA TASHI

Ƙwayar alkama kashi uku ce. Akwai ɓawo na waje, shi ne dusa. Akwai ɗan ido a gindin ƙwaya, inda tsiro ya ke fitowa, shi kuwa mai ne da shi. Sa'an nan akwai farin ciki, wanda ya fi sauran yawa. Manyan injuna su kan ware dusa da ido, su niƙe farin kaɗai, har daga kilo 100 na alkama a kan sami farar fulawa kamar kilo 75.

Cikin wannan fari akwai sitaci, akwai kuma abincin gina jiki wanda masana ke kira furotin. In aka zuba wa fulawa ruwa aka murza, furotin ɗin nan ya kan sarƙe da juna ya zama danƙo mai miƙewa. Yis kuwa, in ya sami sukari da ɗumi, iska ya ke fitarwa. Danƙon nan shi ke riƙe iskar cikin 'yan ƙananan aljifai, kamar yadda balan-balan ta ke riƙe iskar da yaro ya hura mata, da haka kwaɓi ya ke kumbura. In danƙo ya yi yawa kuma ya na da ƙarfi, burodi ya tashi sosai, ya yi laushi, a yanka shi ba ya marmashewa. In ya yi kaɗan, iska ta fasa ta gudu, burodi ya fito a kwance, da nauyi kamar tubali. Garin gero da na dawa da na masara da na rogo ba su da wannan danƙo, shi ya sa ba a yin burodi da su su kaɗai.

Alkama kuwa iri biyu ce, mai tauri da mai taushi. Mai tauri ita ce mai furotin da yawa, daga gare ta a ke samun fulawar burodi, wadda furotin ɗinta ya ke kama daga kashi 12 zuwa 14 cikin 100. Mai taushi ita ke ba da fulawar kek, mai kashi 7 zuwa 9. Ta kowane aiki kuwa ta na tsakaninsu, kamar kashi 10 zuwa 12. Wannan shi ne ma'auni na farko, ya kuma fi kyan buhu da zaƙin talla muhimmanci. Fulawar kek, kome tsadarta, ba ta yin burodin kirki, haka kuma fulawar burodi ta kan sa kek ya yi tauri. Waɗansu kamfanoni su na rubuta yawan furotin a jikin leda, ga kowane giram 100. In an rubuta, a karanta. In ba a rubuta ba, akwai hanyar gwadawa a gida, za a zo kanta nan gaba.

KASHE-KASHEN FULAWA A KASUWA

In an dubi kasuwa da kyau, fulawar da uwargida za ta iya samu kashi huɗu ce.

Ta farko ita ce ta babban buhu mai kilo 50, wadda gidajen burodi ke saye a manyan kasuwanni kamar kasuwar Singa ta Kano. Ita ta fi kowace araha in an yi lissafi da kilo, mafi yawanta kuma domin burodi aka niƙa ta. Aibinta shi ne ta yi wa gida ɗaya yawa. Iyalin da ke yin burodi sau biyu a mako, kilo ɗaya kowane karo, sai sun yi kusan wata shida kafin su ga ƙarshen buhu, kafin nan kuwa ƙwari sun riga su.

Ta biyu ita ce ta ƙananan leda, mai kilo ɗaya ko biyu, wadda kamfani ya rufe da kansa. Ta fi ta buhu tsada a kowane kilo, domin mai saye ya na biyan kuɗin leda da ribar mai kanti. Amma ya san abin da ya saya, ga suna, ga ranar da aka niƙa, ga ranar da za ta lalace. Sai dai a lura, da yawa daga cikin irin waɗannan ta kowane aiki ce, don cincin da fanke da makamantansu. Ta na yin burodi, amma tashinsa ba ya kai na fulawar burodi.

Ta uku ita ce ta awo, wadda a ke sayarwa da mudu ko tiya ko gwangwani daga buɗaɗɗen buhu. Ita ce talaka ya fi saye, domin ko nawa ne a hannunsa ya samu. Akwai masu awo amintattu da yawa, amma hatsarin wannan hanya uku ne. Mudu ba ɗaya ba ne daga kasuwa zuwa kasuwa, fulawa kuma in an sheƙa ta ta kan cika mudu da iska, har mudu biyu masu kama ɗaya su bambanta a nauyi. Buhun da ke buɗe yini guda ya na shan ƙura da raɓa. Sa'an nan mai saye ba shi da tabbacin abin da ke cikin buhu shi ne abin da aka rubuta a bayansa, gama a na samun marasa amana da ke juye mai araha cikin buhun mai tsada, ko su gauraya tsohuwa da sabuwa.

Ta huɗu ita ce ta ƙasashen waje, wadda a ke gani a manyan kantuna na birane, kuɗinta kuma ya ninka na ta gida. Daga cikin sanannun irinta a duniya akwai King Arthur ta Amurka, kamfanin da aka kafa tun 1790, wanda ya ke rubuta yawan furotin ƙiri-ƙiri a jikin leda: kashi 12.7 ga ta burodi, 11.7 ga ta kowane aiki. Akwai Caputo ta birnin Nafuli a Italiya, mai alamar 00. Akwai kuma ta Faransa mai alamar T55, irin wadda a ke yin dogon burodin nan da ita, wanda mutanen Maraɗi da Damagaram da Yamai suka saba da shi. Ya kamata a san waɗannan alamomi ba abu ɗaya su ke faɗi ba. Lambar Italiya da ta Faransa su na nuna yadda aka tace fulawa daga dusa, ba su faɗin ƙarfin danƙonta. Abin da mai sayen irin wannan fulawa ya ke biya shi ne tabbacin cewa ledar bana daidai ta ke da ta bara, sa'an nan kuɗin jirgi da na kwastan da na haya. Alkamar da aka niƙa ta Amurka da ita kuwa danginta ce jiragen ruwa ke saukewa a Apapa. Ga burodin gida na yau da kullum, fulawar burodi ta ƙasan nan, in sabuwa ce, ta wadatar.

GWAJI A GIDA

Hausawa sun ce sai an gwada a kan san na ƙwarai. Kafin a sayi fulawa da yawa, a sayi kaɗan daga iri biyu ko uku, a yi musu gwaji huɗu.

Gwaji na farko na ido ne da hanci da hannu. Fulawa mai kyau fara ce mai ɗan ratsin ruwan madara, ba ta da wari ko kaɗan. In a na jin warin funfuna, ko tsami, ko kananzir, a bar ta. A tankaɗe kaɗan a rariya a duba ko akwai ƙwari ko tsutsa ko zare-zare kamar saƙar gizo. Sa'an nan a damƙi kaɗan a hannu a saki. Fulawar burodi ta kan warware nan da nan, a kan kuma ji ta da ɗan gautsi tsakanin yatsu. Mai taushi ta kan dunƙule ta riƙe shatar yatsu. In kuwa akwai ƙulalai masu tauri cikin buhu, ta sha danshi.

Gwaji na biyu na ruwa ne. A auna fulawa daidai wa daida daga kowane iri, a riƙa zuba ruwa cokali cokali a na ƙirgawa, har kwaɓi ya yi laushi ba ya kama hannu. Wadda ta fi shan ruwa ita ta fi ƙarfi. Fulawar burodi mai kyau ta kan sha ruwa kamar giram 60 zuwa 65 ga kowane giram 100 nata, mai rauni kuwa tun kafin nan ta zama kunu.

Gwaji na uku shi ne wankin kwaɓi, shi ya fi kowanne nuna gaskiya. A kwaɓa giram 100 na fulawa da ruwa zalla, a murza sosai, a ajiye rabin sa'a. Sa'an nan a sa curin cikin kwano mai ruwa, a riƙa matsa shi a hankali kamar mai wanke tsumma. Ruwa zai yi fari, sitaci ne ke fita. A zubar a sake wani, har ruwa ya daina yin fari. Abin da ya rage a hannu, mai launin ƙasa-ƙasa, mai miƙewa kamar roba, shi ne danƙon da aka yi bayani. Fulawar burodi ta kan bar kamar giram 30 nasa. A gwada na wannan da na waccan a ga wanda ya fi girma, a kuma ja su a ga wanda ya ke miƙewa ya koma, da wanda ya ke tsinkewa.

Gwaji na huɗu shi ne gashi kansa. Ga kowane iri a ɗauki fulawa giram 500, ruwa giram 300, gishiri giram 10, busasshen yis giram 5, sukari giram 40, bota giram 25. A kwaɓa su rana ɗaya, a murza kowanne minti goma sha biyar, a bar su su tashi wuri ɗaya, a gasa cikin gwangwanaye masu girma ɗaya a wuta ɗaya. In an sāke wani abu ban da fulawa, gwaji ya ɓaci, gama ba za a san mai laifi ba. In sun huce a jera su a dubi tsawo, a yanka a dubi ciki, a ba mutanen gida su ɗanɗana ba tare da an gaya musu wanne ne wanne ba. A kuma ajiye yanki ɗaya ɗaya zuwa jibi, domin burodin da ya yi laushi yau ya bushe gobe bai ci jarrabawa ba.

LISSAFIN KUƊI

Kuɗin fulawa ya na canzawa daga wata zuwa wata, saboda haka abin da zai amfani uwargida shi ne ta san hanyar lissafi. Ƙa'ida ta farko, a mai da kowane farashi zuwa kuɗin kilo ɗaya. In mudu a ke saye, a kai shi ga mai sikeli sau ɗaya a san nauyinsa. Ƙa'ida ta biyu, a lissafa abin da kilon nan ya haifar.

Ga misali, don lissafi kawai. A ƙaddara wata fulawa naira 1,000 ce kilo, wata kuwa naira 1,100. Bambancinsu kashi 10 cikin 100 ke nan. Mai arahar ta sha ruwa giram 550, ta ba da kwaɓi giram 1,550. Mai tsadar ta sha giram 630, ta ba da giram 1,630. In an raba, kilo ɗaya na kwaɓin ta farko ya tashi a kan naira 645, na ta biyu a kan naira 675. Ashe bambancin nan na kashi 10 ya ragu ya koma ƙasa da kashi 5. Sa'an nan a tuna kuɗin sukari da bota da yis da gawayi ko gas ɗaya ne ko da wace fulawa aka yi aiki. In mai arahar ta sa gashi ɗaya cikin goma ya lalace, hasarar ranar nan kaɗai ta cinye duk abin da aka tsimi cikin sauran taran. Wannan ita ce ma'anar araha ba ta ado. Amma lissafin nan ya na da ɗaya gefen. In fulawa ta ninka 'yar'uwarta kuɗi sau uku ko huɗu, kamar yadda ta waje ta kan yi, ba yawan shan ruwan da zai rufe wannan rata, gama burodinta ba zai ninka sau uku ba.

Hanyar da ta fi kowace sauƙi ga masu ƙaramin ƙarfi ita ce haɗa kai. Mata huɗu ko biyar na unguwa ɗaya su tara kuɗi, kamar yadda su ke yin adashi, su sayi buhu guda a rufe daga hannun dillalin da aka sani, su raba da sikeli. Kowacce ta sami kilo goma ko fiye a kan farashin sari, ta kuma cinye rabonta tun bai tsufa ba.

ALAMUN DA ZA A DUBA, DA ABIN DA ZA A GUJE WA

Akwai alamu a jikin buhu waɗanda gwamnati ta sa don kare lafiyar jama'a. A nemi lambar rajista ta hukumar NAFDAC, mai kula da abinci da magunguna, da tambarin NIS na hukumar SON, mai kula da ingancin kaya. A kuma nemi hoton ido. Tun shekarar 2002 doka ta tilasta wa masu injunan fulawa su ƙara mata bitamin A, wanda ya ke kare idon yara da ƙarfafa jikinsu, hoton idon nan shi ne shaida. A na kuma ƙara mata sinadarin ƙarfe mai taimakon jini. Wanda ya sayi fulawar da ba a san asalinta ba ya na iya hana 'ya'yansa wannan amfani bai sani ba.

Abu ɗaya kuma lalle ne a yi kashedi a kansa. Akwai wani sinadari, potassium bromate, wanda a da a ke zuba wa kwaɓi don burodi ya kumbura ƙwarai ko da fulawa ba ta da ƙarfi. Bincike ya nuna ya na cutar da ƙoda, masana kuma sun sa shi cikin abubuwan da a ke zargi da kawo ciwon daji. Ingila ta hana shi a 1990, Nijeriya ma ta hana shi. Saboda haka in wani ya kawo wa uwargida farin gari ko ƙwaya marar suna, ya ce maganin tashin burodi ne, kada ta karɓa. Burodin gida ba ya bukatar kome ban da fulawa mai ƙarfi, da yis mai rai, da murza, da haƙuri. Babbar ribar yin burodi a gida ita ce uwa ta san abin da ta sa a bakin 'ya'yanta.

ALKAMAR GIDA

Ba za a rufe wannan magana ba sai an ambaci alkamar da manoman ƙasan nan ke nomawa da hunturu a Kadawa, da kwarin Haɗeja, da Kebbi, da bakin tafkin Chadi. Cibiyar binciken tafkin Chadi da ke Maiduguri ita ce aka ɗora wa aikin inganta irinta. Uwargida ta na iya sayen wannan alkama a kasuwar hatsi, ta tsince tsakuwa, ta wanke, ta shanya ta bushe sarai, ta kai inji. Sai dai ta tabbata injin bai niƙa barkono ko wake ba kafin nata.

Garin da za ta samu ya ƙunshi dusa da ido duka, saboda haka ya fi farar fulawa gina jiki, ya na gyara ciki, ya na kuma riƙe mutum ya daɗe bai ji yunwa ba. Amma dusa ta na yanka danƙo, shi ya sa burodinsa ya kan yi nauyi, bai cika tashi ba. Dabara ita ce a gauraya: kashi ɗaya na garin gida, kashi biyu ko uku na farar fulawar burodi, a ƙara ruwa kaɗan, a bar kwaɓi ya huta rabin sa'a kafin a murza, don dusa ta jiƙa. Kada a niƙa da yawa, gama man da ke cikin idon ƙwaya ya kan sa gari ya yi ɗaci cikin 'yan makonni, balle da zafi. Kowane mudu na wannan alkama da aka saya, kuɗinsa aljihun manomin gida ya shiga.

AJIYA

Fulawa mai kyau ta na lalacewa a hannun marar kula. A juye ta cikin bokiti ko garwa mai murfi, a ɗora bisa katako, nesa da bango da ƙasa. Kada a ajiye ta kusa da kananzir ko sabulu ko daddawa, domin ta na ɗaukar wari. Kada a zuba sabuwa a kan ragowar tsohuwa, a wanke mazubi a shanya tukuna. Da damina a sayi kaɗan kaɗan, saboda danshi. Da hunturu kuwa fulawa ta kan bushe, ta bukaci ƙarin ruwa cokali biyu ko uku, kwaɓi kuma ya kan yi jinkirin tashi, sai a rufe shi da tsumma mai laima a ajiye wuri mai ɗumi. Da bazara a kwaɓa da ruwan randa mai sanyi, don kada ya tashi da gaggawa ya yi tsami. Sau da yawa a kan zargi fulawa da laifin da na yanayi ne, ko na yis da ya mutu. Saboda haka in burodi ya ƙi tashi, a fara jiƙa yis cikin ruwa mai ɗumi da ɗan sukari, in bai yi kumfa cikin minti goma ba, shi ne mai laifi.

A taƙaice, mai son burodi mai kyau a kan kuɗi kaɗan ya nemi fulawar da aka niƙa domin burodi, sabuwa, mai lambar hukuma da hoton ido. Ya yi lissafi da kilo, ya gwada kafin ya sayi da yawa, ya kuma sake gwaji bayan 'yan watanni, gama alkamar da injuna ke samu ta na canzawa daga jirgi zuwa jirgi. A na roƙon malaman tsabta da shugabannin ƙungiyoyin mata da malaman makarantun manya su karanta wa jama'a wannan takarda, su kuma yi wankin kwaɓin nan a gaban idonsu, domin gani ya kori ji.

Iyakar jawabin ke nan.